Ƙofar Da Mijina Ya Ƙera

Kwaɗo na tarar a ƙofar Auta, an datse ta waje. Na tsaya da ledar lemu a hannu ina masifa ni kaɗai. Ƙanwar mijina ce, autar gidansu, a hannuna ta ƙarasa girma bayan rasuwar iyayensu, kuma ta san halina sarai. Ba na rufe shagona da safe in tako wannan uwar tafiya don in zo in gaisa da kwaɗo. Wayarta kullum a kashe. In na kira mijinta ya ce tana barci, ko ta shiga wanka. Yo wace irin mace ce kullum tana wanka?

Har na juya zan tafi sai na ji tari daga ciki.

Ƙofar ba baƙuwata ba ce. Mijina mai walda ne, shi ya ƙera ta, ni na shafa mata fenti da hannuna, shuɗi, don Auta ta ce shuɗi take so. Ƙarfe ne mai kauri, ko ka buga ba ya amsawa. Na buga duk da haka, na kira sunanta, shiru. Gidan irin na haya ne mai sassa a jere, kowa ya tafi aiki, sai shanya a igiya da wata kaza tana tonon ƙasa. Na zagaya ta baya, ta lungun da ruwan wanke-wanke ke bi, na tsaya a tagar kicin.

"Auta, na ji tarinki. Kada ki mai da ni mahaukaciya a gidan mutane."

Labulen ya motsa kaɗan. Da farko ido ɗaya na gani. Da ta ƙara ja sai na ga ɗayan, ya kumbura ya rufe ruf. A saman girar an liƙa filasta, tsaf-tsaf, ba karkata. Aikin mijinta ne wannan, na sani, mai kemis ne. Unguwa duk Likita suke ce masa, ni dai bakina bai taɓa yarda ba.

"Anti, ki yi a hankali," ta ce.

"Wa ya rufe ki?"

"Mantuwa ya yi, ya tafi da makullin."

"Mantuwa? Kwaɗon ne ya tashi ya maƙale kansa? Idon fa?"

"A banɗaki na faɗi."

"Banɗakin naku yatsu gare shi? Ga shatinsu nan a wuyanki."

Sai ta sa hannu ta rufe wuyan, hawaye ya fara zuba ta idon da ke buɗe, ba sauti ko kaɗan. Wannan kukan ya fi komai ɗaga min hankali. Yarinyar da in ta yi kuka a gidana sai maƙwabta sun leƙo, yau ta iya kukan da ba a ji. Na riƙe ƙarfen tagar da hannu biyu.

"Tun yaushe?"

"An daɗe."

"Yaushe yake dawowa?"

"Da rana, cin abinci. Wani lokacin kuma yakan faɗo kafin nan, ya duba."

"Yau za ki bar gidan nan," na ce. Na tura mata lemun ɗaya bayan ɗaya ta tsakanin ƙarafan, don ledar ba ta shiga.

"Anti, don Allah kada ki gaya wa Yaya. Kashe shi zai yi."

Wanda ya ƙera ƙofar shi kaɗai zai iya buɗe ta ba makulli, kuma shi ne mutumin da bai kamata ya ga fuskar nan ba. Na fita daga lungun ina tafe ina tuntuɓe, gyalena yana jan ƙasa.

A bakin titi na tuna da Mai Tabarau. Wata mata ce mai riƙe da wata cibiya da ke karɓar matan da suka gudo daga duka. Bara muka yi musu get, ni da ita har muka kusa faɗa a kan kalar fenti, tun daga nan lambarta ta zauna a wayata. Na kira, na zazzage mata labarin ba numfashi. Ta bar ni na gama tas.

"Tana iya tsayuwa? Tana zubar da jini?"

"Tana tsaye. Ke dai ki zo mu fasa ƙofar!"

"Ina zuwa yanzu. Amma kin tambaye ta tana so ta fita?"

"Wace irin tambaya ce wannan? An kulle mutum kamar akuya, sai na tsaya neman izini?"

"Kowa gaya mata yake yi abin da za ta yi," ta ce. "Ki bari in na zo ta ji wani ya tambaye ta. Zan kira 'yar sandan da muke aiki da ita. Kwatanta min gidan."

Na kwatanta, na kashe wayar ina tsaki. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ma abin ya ba ni haushi.

Mijina Tartsatsi ake ce masa, kuma ba don sana'ar kaɗai ba. Bai taɓa ɗaga min hannu ba, in faɗi gaskiya, bakinsa ne kawai, nawa kuwa ya fi nasa kaifi. Amma in ransa ya ɓaci abin da ke kusa shi ke shan wuya. Na taɓa ganin ya ɗaga get sukutum ya wurga cikin kwata don mai shi ya ce walda ba ta yi kyau ba. Na same shi a gaban rumfar aikinsa, a kan benci, yana shan shayi, don an ɗauke wuta tun safe.

"Maigida, tashi. Ɗauko janareta da injin yanka."

"Aiki aka samu?"

"Aiki ne. Tashi mana!"

"Ke wai lafiyarki? Kin rufe shago, kin dawo kamar an koro ki."

Ban kula shi ba. Na kama janaretan ta gefe ɗaya, dole ya ajiye kofin ya kama ɗaya gefen, muka cicciɓa shi zuwa bayan tsohuwar motarsa ta ɗaukar kaya. Bayana ya amsa, ban ko tsaya ba. Da ya juya ɗauko wayar wuta na zare guduma da wani guntun rodi daga akwatin kayan aikinsa na tura ƙarƙashin benci. Sai da muka hau titi sosai, hannayensa duka biyu suna kan sitiyari, sannan na gaya masa.

Bai yi ihu ba. Da ya yi ihu da na fi samun natsuwa. Jijiyar wuyansa ta miƙe, ya taka mota har janaretan ya daki bayan kujerarmu.

"Rage gudu! In ka kashe mu a hanya wa zai buɗe ta?"

"Ta waje kika ce?"

"Ta waje."

"Ni na yi masa," ya ce, muryarsa kamar ba tasa ba. "Kwanan baya mijin nata ya zo ya ce ɓarayi sun dame su, in za su yi tafiya yana so ya riƙa datsewa. Na sa masa maƙalin kwaɗo ta waje. Har rufi na yi wa kwaɗon, yadda zarto ba zai kai gare shi ba."

Wannan rufin shi ne abin alfaharin mijina, ɗan akwatin ƙarfe da ke lulluɓe kwaɗo, sai hannu mai makulli kaɗai ke shiga ta ƙasa. A kansa mutane ke zuwa wurinsa daga unguwanni masu nisa. Mijina in ka kawo masa aiki ƙarfen yake kallo, bai taɓa tambayar mutum me zai yi da shi ba.

Muka faɗa cunkoso a mahaɗar kasuwa. Wata babbar mota ta mutu a tsakiyar titi, masu babura suna kutsawa ta ko'ina, mai sayar da ruwa yana manna min roba a gilashi. Rana tana ɗagawa. Na duba sama, na duba titi, na sake duba sama. Na fito da kai ta taga na zagi direban babbar motar, bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba. Mijina ya haye gefen titi da taya biyu, muka bi ta gaban shagunan mutane ana ɗaga mana hannu ana Allah ya isa.

Da muka isa Mai Tabarau ta riga mu. Tana lungun, ta tattare zanenta daga ruwan, ta kusantar da kanta da tagar tana magana ƙasa-ƙasa. Da ta gan mu ta taho.

"Ta ce tana so ta fita," ta ce. "Ita ta faɗa da bakinta. 'Yar sandan tana wani wuri, ta ce za ta biyo. Malam, kai ne yayanta? Ka yi a hankali, a tsorace take."

Ina! Bai ma ji ta ba. Ya wuce ta ya leƙa tagar, ya ga idon, ya ga filastan. Ya koma gaban gidan da gudu ya sa ƙafa ya daki ƙofar, ya sake duka, ya sa kafaɗa. Ƙofar ko gezau. Ta tagar na ga Auta ta ja da baya har ta jingina da bangon kicin, tana zabura da kowane bugu.

"Kai, Maigida! Kai ka yi ta, ka san ba ta jin ƙafa. Zo ka tayar da injin!"

Ya dawo yana huci. Muka sauke janaretan a bakin lungun. Ya ja igiya, injin ya yi tari ya mutu. Ya sake ja, ya mutu. Ya ja har igiyar ta goge masa tafin hannu. Ya durƙusa ya kwance fulogi yana hurawa yana gogewa da gefen riga, fulogin ya suɓuce masa ya faɗi ƙasa, na ɗauko na miƙa masa. Ni kuma kowace ƙarar mota na ji a titi sai in leƙa bakin lungun.

"Ƙofar ba za ta yanku yanzu ba," ya ce ba tare da ya ɗago ba. "Sai a wuni a kanta. Ta taga za mu fito da ita. In na cire ƙarfe uku za ta wuce."

Ya miƙe ya je yana taɓa ƙarafan tagar ɗaya bayan ɗaya, yana girgizawa, yadda yake yi in zai fara aiki. Auta ta matso a hankali. Da ya zo na ƙarshe, na kusa da bango, ya tsaya. Gindinsa yana da sabuwar walda, ba fenti a wurin.

"Wannan ma ni na gyara shi," ya ce. "Ranar da na zo sa maƙalin na gan shi yana lilo, simintin gindinsa duk ya zube. Na ce ta nan ɓarawo zai shigo. Na kama shi da na kusa da shi, kyauta ma na yi."

"Ni na kwance shi, Yaya," in ji Auta.

"Me?"

"Da cokali. Kullum in ya fita sai in ɗan ƙwaƙule simintin, in share garin in zuba a kwata. Saura kaɗan ya fita ka zo."

Mijina ya saki ƙarfen tagar.

"Kina tsaye," ya ce. "Kina tsaye a nan ina yi. Har ruwa kika kawo min."

"Yana bayanka, shi ya riƙe maka wayar injin."

"Da kin ƙifta min ido! Da kin ce Yaya, kawai!"

"Na san ka, Yaya. Ƙarfe ne a hannunka."

Na auri mutumin nan shekaru masu yawa, na gan shi ranar da aka binne mahaifiyarsa, amma ban taɓa ganin fuskarsa ta yi haka ba. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, na rasa wanne zan bi. Sai kawai na je na kama igiyar janaretan na fizga da duk baƙin cikin da ke cikina. Shegen injin ya tashi.

Ƙarar injin yanka ba ta ɓoyuwa. Da faifan yankan ya taɓa ƙarfe, tartsatsin wuta ya feso cikin lungun, unguwar da na ɗauka ba kowa sai ga mutane suna fitowa. Tsohuwa da jika a baya, mai wanki da kumfa a hannu, wani mutum da tawul a wuya. Suka yi cirko-cirko a bakin get. Ba wanda ya tambayi me ake yi, daga nan na gane duk sun sani. Mai tawul ya koma gefe ya kara waya a kunne, yana satar kallonmu.

"Ga munafuki can yana kira," na ce wa Mai Tabarau.

"Na gan shi. Ki tsaya kusa da mijinki."

Ƙarfe na farko ya faɗi. Mijina ya kama na biyu, zufa tana ɗiga daga haɓarsa, ya manta ko gilashin kare ido bai sa ba. Auta ta koma ƙuryar kicin ta rufe fuska da murfin tukunya saboda tartsatsin. Na biyu ya kai rabi sai na ji an rufe ƙofar mota a waje, a hankali, ba gaggawa.

Mijin Auta ya shigo da farar rigarsa a goge, yana gaisa da mutanen bakin get ɗaya bayan ɗaya. Har ya shafa kan jikan tsohuwar. Sannan ya zo ya sa yatsa ya kashe janaretan, kamar nasa.

"Babban yaya, sannu da aiki. Anti, ina kwana? Lafiya kuwa? Ai da kun kira ni, ga makulli a aljihuna. Me ya kawo ɓarnar ƙarfe?"

Wallahi da ka ji muryar sai ka ce sadaka ya zo rabawa. Ya juya wajen Mai Tabarau, ya ɗan rusuna.

"Hajiya, ban san ki ba, amma bari in yi miki bayani, tunda abin ya zama na jama'a. Matata ba ta da lafiya. Takan fita hayyacinta, ta faɗi, ta ji wa kanta ciwo. Ni nake ɗawainiya da ita, ni nake ba ta magani. Don kare ta nake rufewa. Na ɓoye wa dangi ne don kada hankalinsu ya tashi."

Na ɓoye guduma, na ɓoye rodi, amma na manta ƙarfen da aka yanke yana nan kwance a ƙasa. Ban ga lokacin da mijina ya ɗauka ba. Na dai ga hannunsa a sama, na ga fuskarsa ta canza, haƙora a waje. Na yi tsalle na rataye a hannun da dukkan nauyina, ƙarfen da zafinsa ya ƙona min damtse.

"Sake ni!"

"Ba zan sake ba! Sai dai ka haɗa da ni!"

Ihun da ya fito daga kicin ne ya tsayar da mu. Auta ta durƙushe a ƙasa, ta dunƙule, ta rufe kanta da hannaye biyu. Akwai bango tsakaninta da mu, akwai ƙarafa, kuma ba ita aka ɗaga wa ƙarfen ba. Jikinta bai san wannan ba.

Mai Tabarau ta zo ta tsaya a gabansa, tsawonta bai wuce ƙirjinsa ba.

"Malam, in ka buge shi, kai za a tafi da kai yau. Shi a kai shi asibiti, ya dawo da takarda a hannu. Ita kuma a nan za ta kwana. Zaɓi."

Ƙarfen ya faɗi cikin ruwan lungun ya yi cuu. Mijina ya juya ya kifa goshinsa a bango.

Mai kemis ya gyara wuyan rigarsa. Ya ga mutane sun gani, ya ga shi ne mai haƙuri a wurin. Ya zaro makulli yana murmushi.

"Kun gani ko? Irin gidan da ta fito ke nan. Bari in buɗe, ku tambaye ta da kanku. Ni ba abin da nake ɓoyewa."

Duk muka zagayo gaba. Ya sa hannu ƙarƙashin rufin, kwaɗon ya buɗe, ya tura ƙofar. Amma bai matsa ba. Ya tsaya a bakin ƙofar, ya dafa gefe ɗaya da hannu, ya bar 'yar hanya wadda mutum ba zai wuce ba sai ya goge shi.

"Fito, 'yar gidana," ya ce. "Fito ki gaya musu yadda muke. Kin sha maganinki kuwa?"

Ta fito daga kicin ta tsaya a tsakiyar falo. Falon tsaf, kujeru a jere, hotonsu na aure a bango. Ta tsaya kanta a ƙasa. Ba ta gaba, ba ta baya.

Ƙafafuna suka yi ta ƙaiƙayi. So nake in bangaje shi in shiga in jawo ta, har na ɗaga ƙafa. Mai Tabarau ta riƙe gefen gyalena ta baya, ba tare da ta kalle ni ba.

"Ƙanwata," ta ce, "ga mota a waje. Akwai ɗaki, akwai likita na gaske, ba wanda zai shigo sai kin yarda. In kuma kin ce yau ba ki shirya ba, zan sake dawowa, ba zan yi fushi ba. Me kike so?"

Kazar nan ta zo ta wuce ta tsakaninmu. Mai kemis yana kallon Auta, murmushin yana nan amma yatsunsa suna ƙwanƙwasa ƙarfen ƙofar a hankali, kuma na ga idonta yana kan yatsun.

"Ina takalmana?" in ji Auta.

"Na'am?" in ji mai kemis.

"Takalmana. Suna but ɗin motarka, duka. Ka ba ni."

Wani a bakin get ya ce subhanallahi. Murmushin ya ɗauke daga fuskar mai kemis.

"Ba inda za ki. Koma ciki, za mu yi magana."

Ta ɗago kai ta dube shi da idon nan ɗaya. Sai ta tako. Ta zo daf da shi, na ga numfashinta yana sama-sama, ta karkata kafaɗa ta bi ta 'yar hanyar, rigarta tana gogar tasa. Hannunsa ya motsa. Tsohuwa mai goyo ta ce da ƙarfi, "Likita, muna kallo fa." Hannun ya koma inda yake.

Ta sauko ƙafa ba takalmi a kan simintin da rana ta gasa. Na tuɓe nawa na tura mata. Sun yi mata yawa, tana tafe suna faɗa mata, haka ta ja su har bakin get, mutane suna darewa. Ni na bi ta a baya ina ɗaga ƙafa kamar mai rawa, ina zagin simintin, ina kuka, duk a lokaci ɗaya. Muna shiga motar Mai Tabarau 'yar sandan ta iso a kan babur. Mai Tabarau ta yi mata magana ta taga a gurguje, ta nuna mata mai kemis da mutanen da ke tsaye, muka wuce.

A cibiyar wata ma'aikaciyar jinya ta ɓare filastan ta duba, ta ɗauki hoton ciwon da izinin Auta. Aka kawo mata shayi, ta riƙe kofin da hannu biyu ba ta sha ba. Mai Tabarau ta zauna kusa da ita ta ce a nan ba mai ziyara sai wanda ita ta ambata, ko uwa ce ko uba. Wa take so a bari ya shigo?

"Anti," ta ce.

"Sai wa?" in ji Mai Tabarau.

Auta ta girgiza kai.

"Yaya fa?" na ce. "Yana waje, ya biyo mu."

"Kada ya zo tukuna."

"Auta, don ke ya—"

"Na sani, Anti. Ba fushi nake da shi ba. Amma da ya ɗaga ƙarfen nan, fuskar iri ɗaya ce. In na gan shi yanzu ita zan gani."

Bakina ya cika da magana, irin wadda na saba, mai kare miji, mai gyara zance. Na haɗiye ta. Yau ne karon farko da aka tambayi yarinyar nan ta amsa, ba ni ce zan murɗe mata amsar ba. Na ji daɗi har cikin raina, kuma raina ya yi ciwo.

Na fito da aron silifas. Yana zaune a bayan motarsa kusa da janaretan, idanunsa sun yi ja saboda yankan da ya yi ba gilashi. Da ya gan ni ya diro, ya goge hannu a wando, ya gyara hula, ya nufo get.

"Yaya take? In shigo?"

"Tana lafiya. An duba ta."

"To mu je."

"Ta ce kada ka zo tukuna."

Ya tsaya. Na jira ihun, na jira ya daki taya ko ya ce ai shi ya yi mata kaza da kaza. Bai yi ba.

"Ita ta faɗa?"

"Ita ta faɗa."

"Tsorona take ji?"

Ban taɓa yi wa mutumin nan ƙarya ba a kan abin da ya fi ƙarfin cefane. Na ce, "E."

Ya gyaɗa kai. Ya ja da baya daga bakin get ɗin, ya koma can gefen titi inda ba za a hango shi daga tagogin ba, ya zauna a kan dakali.

"Koma wurinta," ya ce. "Kada ki ce mata ina nan."